KOWANE GARI YA BUƊE LITTAFIN NAMUN DAJI



Maganarmu ta yau a kan namun daji ce, waɗanda ke kusantar garuruwanmu da gonakinmu da garkunanmu. Akwai wata magana da kowa ya saba ji: "An ce an ga kura." Wa ya gan ta? An ce. A ina? An ce wajen fadama. Yaushe? An ce shekaranjiya. Kafin kasuwa ta sake ci, kura ɗaya ta zama uku, ta bar fadama ta shigo bayan gari. Mata su daina zuwa itace. Yara su ƙi fita kiwo. Wani mai zafin zuciya ya sayo guba ya zuba a mushe. Bayan kwana biyu a tarar da karnukan gari da angulaye a mace, kura kuwa ko sawunta ba a gani ba.

Wata rana kuma akasin haka ke faruwa. Dabba ta zo da gaske, ta ɗauki ɗan akuya a wannan gari, gobe ta ɗauki tunkiya a gari na gaba. Kowa ya yi jimamin tasa asarar ya yi shiru. Sai an yi asara biyar ko shida kafin a gane cewa dabba guda ce, kuma hanya guda take bi.

Ra'ayinmu shi ne, kowane gari ya sami littafi guda na rubuta namun dajin da aka gani. A ba shi hannun wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci, mace ko namiji, wanda jama'a suka yarda da shi. Abin da aka gani a rubuta. Abin da aka ji a rubuta cewa ji aka yi. Gani ya kori ji, amma gani ma in ba a rubuta shi ba, bayan wata guda ya koma "an ce".

ME YA SA YANZU?

Dattawa sun san yadda ƙasar nan ta kasance bayan farin 1973 da na 1984. Itatuwa sun ƙare, iska na kwashe shuka, mace na yin tafiyar yini kafin ta sami itacen girki. Namun daji suka watse, don babu inuwa, babu maɓoya.

Daga shekarun 1980 manoman jahar Maraɗi suka kama sassaben zamani. Maimakon a sare tohon kututture a ƙone, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su girma. Garin Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna da wannan aiki, har baƙi na zuwa daga wasu ƙasashe su gani. Masana sun ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Gawo, da kalgo, da sabara, da aduwa, da magarya sun koma cikin gonaki.

Wannan alheri ne babba. Amma inda itace ya dawo, mai zama ƙarƙashinsa ma yakan dawo. Zomo da kurege da zabin daji su ne na farko. Bayansu sai masu cin su: dila, da yanyawa, da muzurun daji. A gefe guda kuma jama'a sun ƙaru, gonaki sun cinye saura, burtali ya matse. Tabkin da ake shayar da bisashe da rana, shi ne dabbar daji ke sha da dare. Ke nan haɗuwa ta zama dole. Tun da haɗuwa dole ce, gara mu san wanda za mu haɗu da shi, da wuri, da lokaci.

GIWAYEN BABAN RAFI

Wasu za su ce, mu a nan ina muka ga babbar dabba? To, a tambayi mutanen ƙasar Madarumfa. A shekarun 1980 da 1990 garken giwaye ya riƙa ƙetarowa daga dajin Rugu na jahar Katsina, yana shiga dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi. Ba su san iyaka ba, ba su da takardar wucewa. Babbar giwa tana cin abin da ya fi kilo 100 a yini guda. In garke ya faɗa gonar hatsi ko dawa cikin dare, kafin asuba aikin damina ya tafi.

Amma giwa dabba ce mai bin hanyar da ta sani. Tana tuna tabkin da ta sha bara, tana tuna gonar da ta ci. Wanda ya rubuta ranar da ta ratsa bara, ya san watan da zai fara tsaro bana. Wanda bai rubuta ba, kowace shekara baƙuwa ce a wurinsa. Haka dila yake, haka jan biri yake in masara ta nuna, haka gadu yake a gonar rogo da dankali. Kowace dabba tana da lokacinta da hanyarta. Kan mutum yakan manta, takarda ba ta mantuwa.

RAƘUMAN DAWA: ABIN DA ƘIDAYA TA YI

Ga misalin da ke nuna amfanin rubutu a ƙasarmu. A shekarar 1996 raƙuman dawa da suka rage a Afirka ta Yamma duka 49 ne, kuma dukansu a Nijar suke, wajen Kure, gabas da Yamai. Aka shiga bin su ana ƙidaya. Kowane raƙumin dawa yana da zanen jikinsa daban, kamar yadda zanen yatsan kowane mutum yake daban. Ana ɗaukar hotonsa, a ba shi lamba, a rubuta inda aka gan shi. Mutanen ƙauyukan wurin ne ke nuna inda suke. Bayan shekara 20 da 'yan kai, yawansu ya wuce 600.

A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko guda 8 a mota, tafiyar da ta fi kilomita 800, aka kawo su gandun dajin Gadabeji da ke arewacin jaharmu, bayan Dakwaro. A 2022 aka ƙaro guda 4. Dā can akwai raƙuman dawa a wannan yanki, fari da farauta suka ƙarar da su. Raƙumin dawa matafiyi ne, kuma yana son wake. In wata rana aka wayi gari da shi a gonar wani, mene ne abin yi? In garin yana da littafi, kuma yana da hanyar sanar da ma'aikatan gandun daji, za a rubuta ɓarnar, a kira su, dabba ta wuce lafiya. In babu, sai yara su bi shi da jifa, wani ya ɗauko bindiga, gari ya shiga shari'ar da ba a shirya mata ba.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan damuwa ba. A ƙasar Japan akwai wata babbar dabbar daji mai gashi da farata, ana ce mata beya, babu irinta a ƙasarmu. Takan sauko daga duwatsu ta shiga ƙauyuka neman abinci. Daga Afrilun 2023 zuwa Maris na 2024 ta far wa mutum 219, guda 6 suka mutu. Hukumomin garuruwan can suna karɓar labarin duk wanda ya gan ta, su rubuta rana da wuri, su sa alama a taswira, su sanar da jama'a da makarantu. Su suna da na'urori, mu muna da alƙalami da rediyo da wayar salula. Aikin dai guda ne.

Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Da damina ana auna ruwan sama gari gari, a aika da adadi, a ji shi a rediyo. In fara ko jan baki suka sauka, ana sanar da ma'aikatan gona. Abin da muke yi wa ruwa da fara, shi muke so a yi wa namun daji.

ME ZA A RUBUTA?

Littafin 'yan makaranta na kasuwa ya isa. A ja layi a raba kowane shafi gida bakwai:

1. Rana da wata.
2. Lokaci: asuba, hantsi, azahar, magariba ko tsakar dare.
3. Wuri, da sunan da mutanen gari suka san shi: bakin tabki, gindin tsamiya, burtalin yamma.
4. Wace dabba ce, kuma guda nawa.
5. Yaya aka sani: an gani da ido, ko sawu aka gani, ko kashi, ko kuka aka ji, ko labari aka kawo.
6. Ina ta nufa.
7. Ɓarnar da ta yi, in akwai: akuya nawa, kaji nawa, kunya nawa na shuka.

Misali, ana iya rubuta haka: "Talata, 14 ga wata. Asuba. Burtalin yamma kusa da rijiya. Dila biyu. Makiyayi ya gani da ido. Sun nufi gulbi. Ba ɓarna."

Gida na biyar shi ne zuciyar littafin. Mai rubutu kada ya ji kunyar tambaya: "Kai ka gani, ko faɗa maka aka yi?" In faɗa aka yi, a nemi wanda ya faɗa. In an bi magana har mutum uku ba a sami mai gani ba, a rubuta "labari ne", a bar shi nan. Kada kuma a ƙi rubuta ranar da dabba ta wuce ba ta yi ɓarna ba. Wannan ma sani ne. Shi zai nuna mana cewa ba duk dilan da ya wuce ne ɓarawo ba.

SAWU BA YA ƘARYA

A nan ne mahalba da Fulani makiyaya za su zama malamanmu. Sun fi kowa sanin ƙasa. Ga kaɗan daga abin da ya kamata mai littafi ya sani.

Sawun kura ya fi na kare girma, kuma ƙafar gaba ta fi ta baya girma ƙwarai. Yatsunta a matse suke, a lanƙwashe, faratan suna fita a ƙasa. Kashinta in ya bushe fari ne kamar alli, saboda ƙashin da take ci. Kura iri biyu ce. Mai ɗigo-ɗigo ita ce mai kukan nan da ake ji daga nesa da dare. Mai zane, wadda ake kira sayaki, ba ta cika kuka ba, ita kaɗai take yawo, mushe ta fi ci.

Sawun dila ƙarami ne siriri, da alamar farata, kuma yakan tafi a miƙe kamar mai saƙo. Kare kuwa yakan yi ta karkace-karkace, ya tsaya nan ya shinshina can. Dangin kyanwa, daga muzurun daji har damisa, sawunsu a zagaye yake kuma babu alamar farce, don suna ɓoye faratansu in suna tafiya.

In an ga sawu, kada a tattake shi. A kife ƙwarya a kansa. A auna tsawonsa da tsinke, a karya tsinken daidai, a ajiye cikin littafi. Mai waya ya aza ashana ko kuɗin ƙarfe kusa da shi ya ɗauki hoto.

Akwai fa'ida guda da ba a cika faɗa ba. Sau da yawa abin da ake ɗora wa kura, karnukan da suka gudu daga gari suka haɗa gungu ne suka yi shi. Wani lokaci kuma kurar mai ƙafa biyu ce. Dabba in ta ɗauki tunkiya takan bar jini, da gashi, da alamar ja a ƙasa. In aka tarar an yanke igiya da wuƙa, ba jini, ba ja, sai sawun takalmi, to wannan magana ta maigari ce da jandarmomi. A ƙasar da ke kusa da iyaka, inda satar bisashe ta addabi mutane, sanin wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne.

MASU CEWA A'A

Mun san akwai masu ja da wannan shawara, kuma maganarsu abin saurare ce.

Na farko ya ce: "In muka rubuta, mun jawo wa kanmu ma'aikatan gandun daji da tara." Tsoron nan yana da tushe, don an daɗe manomi na ganin mai kakin gandun daji a matsayin mai kama mutane kan itace. Amma a duba da kyau. Littafin na gari ne, a hannun gari yake zama. Dabba ake rubutawa, ba laifin mutum ba. Kuma ranar da aka kai kuka gaban magajin gari ko ma'aikatan gandun daji, wa za a fi saurara? Wanda ya zo da "an ce", ko wanda ya buɗe littafi ya karanta rana da wuri da yawan awakin da aka rasa cikin wata uku? Su ma ma'aikatan muna kiran su da su riƙe amana. In gari ya kawo labari, a amsa masa, a zo a duba. In aka mai da littafin tarkon cin tara, rana ɗaya za a rufe shi, kowa ya yi asara.

Na biyu ya ce: "In aka bayyana inda barewa ko raƙumin dawa yake, ai an nuna wa masu harbin sata hanya." Wannan gaskiya ce, shi ya sa muke cewa a raba labari gida biyu. Labarin dabba mai haɗari ga mutum ko bisashe, bayan an tabbatar da shi, a yi shela a gari, a sanar da garuruwan maƙwabta, a aika wa rediyo. Labarin dabbar da ita ce ke cikin haɗari, a kai shi ga maigari da ma'aikatan gandun daji kawai, kada a faɗi wurin a kasuwa.

Na uku ya ce: "Rubutu ba ya mayar mini da akuyata." Haka ne. Wadda ta tafi ta tafi. Amma in littafi ya nuna cewa duk asarar da aka yi bara a garken da ke bayan gari ne, marar shinge, kuma tsakanin magariba da lisha, to an san abin yi: a ƙara ƙaya, a ɗaga shinge, a dawo da bisashe kafin rana ta faɗi, a daina zubar da mushe a bakin gari. Rigakafi ya fi magani.

ABU UKU DA ZA A KIYAYE

Na ɗaya, guba. Dokar ƙasa mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji, ta hana kashe dabba da guba. Ta kuma sa giwa da raƙumin dawa cikin dabbobin da ba a taɓa su. Ko ba doka ma, guba ba ta da ido. Ba ta san kura ba, ba ta san karen makiyayi ba. Angulaye da yawa kan mutu a mushe guda, alhali su ne masu share mana gari kyauta. Inda angulu ya ƙare, mushe ya daɗe yana ruɓa, karnuka su yi yawa, cuta ta biyo baya.

Na biyu, kada a tara yara a bi dabba. Dabbar da aka rutsa, ko mai rauni, ko mai ɗa, ita ce mai kisa. A ba ta hanya.

Na uku, dabbar da ta canza hali. Dila ko kare da ya shigo gari da rana tsaka, ba ya tsoron mutane, yana dalala, yana cizon abin da ya tarar, ana zaton haukan kare ne. Wannan ba a jira a rubuta tukuna, a yi shela nan take. Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita a ranar. Allurar tana aiki in an yi ta da wuri. In alamun cutar suka bayyana, babu sauran magani. Bayan an kai shi, sannan a rubuta, don a san bisashen da dabbar ta taɓa.

WA ZAI FARA?

Maigari ya tara jama'a bayan sallar Juma'a ko ranar kasuwa, a zaɓi mai riƙe littafi da mataimakinsa. A sa sarkin noma, da wakilin mahalba, da wakilin makiyaya su zama masu duba sawu. A gaya wa mata masu zuwa itace da yara masu kiwo cewa maganarsu abin rubutawa ce, don su suka fi kowa shiga daji. A ƙarshen kowane wata a karanta abin da aka rubuta a gaban jama'a, a kwafe shi a takarda guda a aika wa ma'aikatan gandun daji na gunduma. Garuruwan da ke shan tabki guda, ko masu burtali guda, su riƙa gwada littattafansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku da kuka zauna a aji kuka koyi baƙi da wasali, ga aikin da ya dace da ku. Ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sai littafi, da alƙalami, da gaskiya. Shekara guda in an yi ana rubutawa, gari zai san watan da dila ke matsowa, da hanyar da yake bi, da garken da ke bukatar gyara. Rashin sani ya fi dare duhu.

Garin da ya buɗe nasa littafin ya aiko mana da labari, mu karanta wa sauran jama'a.

Allah ya tsare mana bisashenmu da amfanin gonarmu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.